Jinin da Ba a Auna Ba

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Wanda Ya ƙagi ɗan Adam, Ya ɓoye masa gaɓoɓi cikin duhun ciki suna yi masa hidima dare da rana, ba tare da ya umarce su ba, ba kuma tare da ya tuna ya gode ba. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, da alayensa da sahabbansa. Ya Ubangiji, Ka daidaita harshenmu, Ka tsare alƙalaminmu daga shaidar zur.

* * *

Tsohon ya manna ɗan gilashin aikinsa a idon dama, ya sunkuya a kan takardar kamar yadda yake sunkuyawa a kan cikin agogo. Matarsa, wadda kowa a layin ke kira Inna, tana tsaye a bakin ƙofa da waya a hannu, tana jira ya gama. Shagon ɗaki ne guda da aka fasa wa ƙofa ta waje a jikin gidansu. Bangonsa cike yake da agogunan mutane, manya da ƙanana, suna ta bugawa a hankali kamar masu tasbihi.

"Zo ki ga ikon Allah, Tsohuwa," in ji shi. Ya jawo aljihun tebur, ya fito da wasu takardu biyar, ya jera su kusa da sabuwar. "Wannan layin na hanta ne, wannan na ƙoda. Dubi nan, ki dubi nan. Sama da shekara guda, ko ɗigo bai gusa ba."

"Ni da ban san bihim ba a boko, me zan gani, Malam?"

"Shekara arba'in ina wannan sana'a. Agogon da ke gudu marar lafiya ne, wanda ke makara ma haka. Lafiyayye shi ne wanda ba ya canza hali. To mijinki irin wannan ne, ƙirar da."

"Ƙirar da mai kukan gwiwa," in ji Inna. "Matsa in ɗauka, yarinyar nan tana jira."

Ta ɗauki hoton sabuwar takardar ita kaɗai, kamar yadda ta saba, ta tura.

Shekara shida ke nan rabon Inna da ta taɓa jikin 'yarta. Ita kaɗai Allah Ya bar musu cikin huɗun da suka haifa. Ta yi karatun jinya, aiki ya kai ta wata ƙasa a bayan teku, inda take kula da tsofaffin da ba nata ba, ta yi musu wanka, ta ba su magani, ta juya su a gado. Uban yana kiran ta Uwata, domin sunan mahaifiyarsa ta ci.

Lokacin da ciwon gaɓɓai ya kama tsohon har yatsunsa suka fara ƙin riƙe hantsaki, likitan babban asibiti ya rubuta masa wani magani mai ƙarfi, ya kuma gargaɗe shi. Ya ce maganin yana sakin gaɓɓai, amma yakan ci hanta da ƙoda a ɓoye, saboda haka wajibi ne a auna jininsa duk wata uku, in aka ga lambobin sun fara hawa a dakatar. 'Yar ta ɗauki wannan ta mai da shi alkawari. Ta ce, "Baba, duk takardar da ta fito a turo mini. Ranar da na ga abin da hankalina bai kwanta da shi ba, ko aikin zai tafi, jirgi zan hau."

Babban asibiti yana da nisa, layin awon jininsa kuwa mutum kan tsaya tun hantsi har azahar, ga gwiwa ba ta jure tsayuwa. Sai suka koma wani ƙaramin ɗakin gwaji da ke bakin titi, tsakanin shagon aski da na mai sayar da fenti, mai benci guda da farin labule. Mai aikin wurin magidanci ne mai fara'a, ɗan wani tsohon abokin Malam. Malam ya laƙaba masa Sauro, wai don ba ya ganin mutum sai ya nemi jijiya. Da yake takardu sun yi ta fitowa lafiya, tsohon bai ga dalilin komawa wurin likita ba. Ya ci gaba da sayen maganinsa a kemis da tsohuwar takardar asibiti.

Bayan la'asar waya ta yi ƙara. Suka haɗa kai su biyu a gaban ɗan gilashin wayar, kowa na ture kafaɗar ɗan'uwansa.

"Baba, na ga takarda. Alhamdu lillahi, komai yana inda ake so."

"Na gaya wa uwarki, ita ce mai gardama."

Yarinyar ta yi dariya, sannan ta sunkuyar da kai. "Hutun nan da na ce zan ɗauka, wadda za ta riƙe mini aiki ta haihu. Tunda jikin da sauƙi, ko in bari sai gaba?"

"Bari, Uwata, bari. Mu nan garau muke. Riƙe aikinki."

"Inna, kin yi shiru."

"Ina jin ki, 'yar nan. Kina dai cin abinci ko? Na ga wuyanki ya fito."

Wannan shi ne karo na uku da aka ɗaga zuwan. Da aka kashe waya, Inna ta shiga ɗakin da take sharewa duk safiya alhali babu mai kwana a cikinsa, ta zauna a bakin gado. A nan ne wani tunani ya ratsa zuciyarta, wanda ba ta kira shi ba: ina ma a ga ɗan abu kaɗan a takardar nan, wanda ba ya kisa, wanda zai isa kawai ya taso da ita. Ta zabura, ta yi istigfari har ba ta san adadi ba. Amma abin da zuciya ta riga ta furta, mai ita ba ya mantawa.

* * *

Cikin watanni biyu da suka biyo baya, jikin ya fara magana da harshen da takarda ba ta yi ba. Takalminsa ya fara matse shi da yamma. Ya riƙa sosa hannuwa da baya har fata ta yi fari. Abincin da yake so tun suna amarya da ango, sai ya kai loma biyu ya ture kwano, ya ce bakinsa na ɗanɗanon ƙarfe. Wata safiya yana alwala a tsakar gida, ya ɗaga fuska, Inna ta ga farin idonsa ya juya kamar tsohuwar takarda.

"Malam, idonka."

"Me ya same shi?"

"Ya canza. Bari in gaya wa yarinyar nan."

"Ki gaya mata me? Ki tayar mata da hankali a ƙasar mutane, ta bar aiki ta taho, ta tarar da ni ina gyaran agogo? Tsufa ne, Tsohuwa. Ke da ba ki san bihim ba, yau kin fi takarda gani?"

Inna ba ta gaya wa yarinyar ba. Ba tsoronsa ne ya rufe mata baki ba. Tsoron kanta take yi, kada ya zama son ganin 'yarta ne ke nuna mata ciwon da babu shi. Duk Juma'a in an yi waya, tsohon kan sa tabarau, ya zauna inda haske bai cika ba, ya cika yarinyar da raha har lokaci ya ƙare.

Da wata uku suka cika ya je wurin Sauro aka ɗebi jini karo na bakwai. Kwana biyu bayan haka, ana gab da azahar, Inna ta ji ƙarar faɗuwar kujera a shago. Ta tarar da shi a ƙasa, gilashin aikin yana nan manne a idonsa, ƙananan kusoshin agogo sun watse a kan siminti.

* * *

Likitar da ta karɓe su a babban asibiti mace ce mai furfura, marar yawan magana. Bayan an ɗebi jininsa an kai ɗakin gwajin asibiti, ta kira Inna ofis, ta tambaye ta ko ana auna shi kamar yadda aka umarta. Inna ta kwance bakin mayafi da sauri, ta miƙa mata takardun nan shida, cikin jin cewa ko ba komai nan ba su yi sakaci ba.

Likitar ta jera su a kan tebur, kamar dai yadda Malam ke jera su. Ta bi su da bakin alƙalami ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta cire tabarau ta ajiye.

"Inna, wa ya ba ku waɗannan?"

"Ɗan abokin maigidan ne. Lafiya?"

"Jinin mutum ba ya tsayawa wuri ɗaya. Ko ni aka auna yau aka sake gobe, sai an ga ɗan bambanci, domin abin da na ci da ruwan da na sha duk suna taɓa shi. Waɗannan shidan kuwa lamba ɗaya ce, har ɗigo. Takarda guda ce aka yi ta kwafa, ana canza kwanan wata."

Inna ta ji kujerar da take kai tana nisa da ita. "Ai shi murna yake yi da hakan," ta ce da ƙyar. "Cewa yake lafiya ke nan."

"Ƙodojinsa sun kusa tsayawa, hantar ma ta ji jiki ƙwarai. Da an gani bara, maganin kawai za a dakatar. Za mu yi masa wankin ƙoda, mu yi iyakar ƙoƙarinmu, sauran na Allah ne." Ta miƙa mata takardun. "Ba ku ne na farko da suka kawo mini irin waɗannan ba. In akwai wanda yake so ya gani, a kira shi yau."

A barandar asibiti, kusa da wata taga, Inna ta kira 'yarta. Ta daɗe tana tsara kalmomin da za ta fara da su, amma da ta ji muryar sai ta ce kawai, "Ki taho." Daga can yarinyar ta ce a ɗauki hoton takardun shida a jere a turo mata. Da ta gani, kukan da ta fasa Inna ba ta taɓa jin irinsa daga bakinta ba tun tana goye.

"Ɗaya-ɗaya nake ganin su, Inna! Wata uku tsakani! Aikina ne fa, aikina ne, ban taɓa haɗa su ba!"

"Bar wannan yanzu. Yaushe za ki iso?"

Sai an sa hannu a takardar hutu, sai an sami kujera a jirgi. Alhamis, in ji ta, in Allah Ya yarda. Ranar kuwa Litinin ce.

* * *

Washegari da hantsi Inna ta koma gida ɗauko masa kayan sawa. Motar haya ta sauke ta a bakin titi, daidai shagon mai fenti.

"Inna! Inna, tsaya!" Sauro ne ya fito da farar rigarsa, yana kaɗa ambulan. Labari bai kai gare shi ba. "Takardar Baba ta fito, ba ku zo kun karɓa ba. Lafiya lau, kamar kullum. Ki ce masa Sauro na gaisuwa."

Ta dubi ambulan ɗin, ba ta miƙa hannu ba. Ta wuce shi ta shiga. Mata biyu na zaune a kan benci, ɗaya ta naɗe hannu a kan 'yar auduga.

"Ɗana, nuna mini inda kake auna jinin."

"Haba Inna, ai ba a shiga can."

Ta ɗaga farin labulen da kanta. Na'urar awon jinin tana nan a kan tebur, an lulluɓe ta da tsohon zane. A bisanta an ɗora butar shayi da kofuna biyu. Wayar wutarta a naɗe take, gizo-gizo ya yi saƙa tsakaninta da bango. A gefe ga wurin wanke hannu, an kife 'yan kwalabe a bakinsa suna tsanewa.

"Tun yaushe?"

Fara'ar ta zube daga fuskarsa. Ya saki labulen a bayansu, ya rage murya. "Shekara biyu ke nan ta lalace. Mai wurin ya ce a ci gaba kafin a gyara, in na rufe ya sallame ni. Inna, ina da iyali. Ta farko ta Baba, wallahi ta gaskiya ce, wani wuri na kai aka auna. Sauran kuwa, na ga da ƙafarsa yake zuwa, yana zolaya ta, yana dariya. Na ce mai ciwo ba ya haka."

"Jinin fa? Wanda kake ɗiba?"

Idonsa ne ya tafi wurin wanke hannun, ya dawo.

"Yana asibiti, ana wanke masa ƙoda," in ji Inna. Muryarta ba ta tashi ba. "Ka san har ina takardarka take zuwa? Teku take hayewa. Akwai wadda sau uku tana ɗaure kaya tana kwancewa saboda rubutun hannunka. Da ka ce mana ba ka sani ba, ɗana. Malamai sun ce faɗin ban sani ba rabin ilimi ne. Da mun tafi mun bi layi."

Ya durƙusa yana neman riƙe gefen mayafinta, ta janye. A hanyar fita ta tsaya gaban matar da ke riƙe da auduga.

"'Yata, tashi ki tafi babban asibiti a sake auna ki."

Matar ta dube ta sama da ƙasa. "Inna, can ai layi ne. Nan kuwa gobe-gobe an ba ka takardarka."

* * *

Ranar Laraba ya farfaɗo sosai bayan wankin ƙoda, har ya nemi a ɗaga masa kai. Inna ta gaya masa abin da likita ta ce da abin da ta gani a bayan labule, domin ba su saba ɓoye wa juna ba. Ya daɗe yana kallon silin. Can sai kafaɗunsa suka fara motsi, ta zaci kuka ne, ashe dariya ce marar sauti.

"Agogon da aka bari wata uku aka dawo aka tarar hannunsa bai gusa ba, Tsohuwa, wannan ai ba lafiyayye ba ne. Tsayawa ya yi. Wanda ya fara koyon sana'a jiya ma ya san haka. Ni da gilashi a ido."

"Malam, akwai abin da zan roƙe ka gafara a kai." Ta gaya masa tunanin da ya zo mata a bakin gadon yarinyar, tana magana tana murza gefen zanen gado.

"Wannan ne ya hana ki barci? To ki kwantar da hankalinki, addu'arki ba ta kai ta kashe ko kaza ba. Ajali ba ya karɓar umarni daga tsofaffin mata." Ya lumshe ido. "Nima na yi irinsa. Ba sau ɗaya ba."

"Kai? To me ya sa duk ta tambaya kake ce mata ta bari?"

"Uba ba ya roƙon 'yarsa ta bar abincinta don ya ga fuskarta. Jira nake takarda ta roƙa mini." Ya juyo da kai wajen ƙofa. "Gobe ne ko?"

"Gobe ne, bayan la'asar."

"Ki sa a aske mini gemun nan ya daidaita. Kada Uwata ta ce kin bar ni na lalace."

An gyara masa gemun da safiyar Alhamis. Duk wanda ya turo ƙofar ɗakin, ko mai shara ce, sai ya ɗaga kai. Da hantsi ya ɗaga, sai ya daina ɗaga kan. Inna ta matso da bakinta kusa da kunnensa tana maimaita kalmar shahada, leɓɓansa suna bin ta, har suka tsaya. An yi masa sutura, an sallace shi bayan azahar, a lokacin da jirgin yake sararin sama bisa ruwa.

* * *

Rana ta yi ja lokacin da mota ta tsaya a ƙofar gida. Matan da ke zaune a tsakar gida suka dare suka ba da hanya. Yarinyar ta shigo da jaka ɗaya a kafaɗa, ta tsaya tana duban fuskoki, har idonta ya faɗa kan uwarta a bakin ƙofar ɗaki. Ba ta tambayi komai ba. Ta taka a hankali, ta zube, ta kifa kanta a cinyar Inna.

"Ya tambaye ni?"

"Har aski ya yi miki."

Yarinyar ta ƙara cusa fuska a cinyar uwarta. Inna ta ɗora tafin hannu a bayanta, ta ji ɗumin da ta shekara shida tana nema, ta ji ƙasusuwan kafaɗa a ƙarƙashin riga. Ga abin da ta roƙa Allah ya zo har cinyarta, ta nemi murna a zuciyarta ko ta ƙwayar zarra ba ta samu ba.

"Kwana goma suka ba ni, Inna."

"To," in ji Inna.

Ɗankwalin yarinyar ya zame. Inna ta kai hannu za ta gyara mata, sai ta tsaya. A gefen kan, sama da kunne, ga furfura nan ta fito, ba ɗaya ba, ba biyu ba. Ta shafa wurin da yatsa a hankali, sannan ta jawo ɗankwalin ta rufe, kada matan su gani.

* * *

Ya Allah, Ka gafarta wa wannan bawa Naka, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka haskaka shi, Ka sada shi da waɗanda ya yi begen gani a gidan da babu rabuwa. Ka ji ƙan dukkan mamatanmu, da waɗanda suka tafi suna riƙe da shaidar lafiya a hannu. Wanda ya karanta wannan kuma, Ka ba shi lafiyar fili da ta ɓoye, Ka haɗa shi da masu amana a ranar da ba shi da ikon duba wa kansa. Amin.